Shanu Tara da Shafi Na Shida

Asabar, 3 ga Agusta, 1974, da hantsi

Jiya na dawo Haɗejiya hutu. Littafin nan na darasin kasuwanci ne, rabinsa bai cika ba. Zan cika shi da abin da ba na iya faɗa da baki, wanda kusan shi ne komai.

Farin bara ya kashe wa Baffa, mahaifina, shanu arba'in da ɗaya. Tara suka rage, su ma ba nasa ba ne. Na Innata ne, Allah ya jiƙanta, ta bar mini. Suna hannun Shu'ibu makiyayi a fadamar Kirikasamma. Duk shekara akan sayar da ɗan bijimi ɗaya cikin 'ya'yansu, a yi mini sayayyar makaranta da kuɗin jirgin ƙasa. Saura mini shekara ɗaya in gama.

A bangon zaure na tarar da baƙon abu: kalanda mai hoton wani mutum cikin babbar riga, tsaye gaban manyan motoci shida. Na tambayi Dada, kakata, ko wane ne.

"Sabon waliyyin gidanmu ke nan, 'yar boko," in ji ta. "Alhaji Zarami, mai kai bandar kifi kudu. Bara mai gidan nan ya sa 'yan kuɗinsa a kamfaninsa, aka ba shi riba har da turmin atamfa. Tun ranar, kullum sai an goge hoton da hannun riga."

Litinin, 5 ga Agusta, bayan la'asar

An ba ni karatu.

Bari in rubuta yadda ake karatu a gidanmu. Ni 'yar fari ce. Baffa bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ya yi mini magana ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka gada. Shi ma ɗan farin Dada ne. Ba ta kama sunansa, kuma in za ta yi masa magana sai ta juya ta fuskanci randa. Saboda haka a gidanmu magana sai ta yi zagaye kafin ta isa, kuma a hanya takan zube.

Baffa ya zauna a bayan zana. Ya miƙo wa Dada takarda, ya ce, "A ba yarinyar nan ta duba." Rahoton shekara ne na kamfanin Alhaji Zarami, shafi takwas, da Turanci. Yana neman mutane su ƙara sayen hannun jari.

"A tambaye ta ko gaskiya ne ribar da aka raba bara ta fi ta kowa."

Dada ta tambaye ni. Na gaya wa Dada haka suka rubuta. Ya ji.

"A tambaye ta ko sun ce bana za a ƙara."

Sun ce. Na faɗa.

"A tambaye ta ko akwai hatimi a ƙarshe."

Akwai.

"Madalla."

Ya tashi ya tafi masallaci. Ba a tambaye ni shafi na shida ba.

Talata, 6 ga Agusta, bayan sallar asuba

Na sake karanta shi sau uku, ko na yi kuskure. Ban yi ba.

A shafi na shida, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa an sayar da motoci uku cikin shida. Ribar da aka raba wa mutane ta fi abin da kifin ya kawo. Wato daga kuɗin motocin aka biya ta. Abin da ya ragu an kai shi ginin ofis mai bene a Kano da motar hawan shugaba. Ba a sayi ko taya ba.

Malaminmu na kasuwanci ya sha gaya mana, wanda zai sa kuɗinsa a kamfani na shekaru masu yawa, mutum ɗaya yake zaɓa, ba kamfani ba: wanda kuɗin ke bi ta hannunsa. Ya ce mu duba inda ya samo abin da ya raba, da inda ya kai abin da bai raba ba. Na ci tamanin da bakwai a wannan jarrabawar. An tafa mini.

A kalanda har yanzu motoci shida ne.

Alhamis, 8 ga Agusta, da azahar

Na gaya wa Dada muna tsinkar zogale. Na yi ta kame-kame da kalmomin makaranta, har ta ce, "Ke, yi mini da Hausar mutane." Na yi. Sai ta ce:

"Ashe wannan ne ake tura ku Kano ku koyo? Kakanki da bai san bihim ba ya san shi. In zai ba makiyayi riƙon shanu, ba ya duban ƙwaryar nonon da aka kawo masa gaisuwa. Sammako yake yi ruga kafin a kwance maruƙa, ya bi dangwalin da aka ɗaure su, yana shafa cikinsu ɗaya bayan ɗaya. In ƙwarya ta cika maruƙa kuma sun rame, ya san na wa aka kawo masa."

Da Baffa ya shigo cin tuwo ta juya wajen randa, ta ce, "An ce mutumin kalandar nan yana tatse wa maruƙa nono."

Baffa ya yi dariya, irin wadda ban ji ba tun kafin fari. "Dada, mota ba ta da maraƙi."

"An dai ce."

"Wa ya ce?"

Ina durƙushe a bakin murhu, taku huɗu tsakanina da shi. Dada ta saci kallona. Na ci gaba da hura wutar da ta riga ta kama.

Sai ya ajiye loma, muryarsa ta sauka. "Ina tsaye ungulu suka cinye arba'in da ɗaya. Ba zan sake tsayawa in kalli tara ba. Takarda ba ta jin ƙishirwa. Shekara goma, shekara ashirin, tana nan. Don ita nake yi."

Ita ɗin ni ce. A haka na ji cewa shanun Inna zai sayar.

Juma'a, 9 ga Agusta, da safe

Ban ce komai ba.

Lahadi, 11 ga Agusta, da yamma

Mun je suna garin Malam Madori ni da Dada. Ta tafi da 'yar shinkafarta a ƙullin zane, wai za ta kai casa. Sai da muka isa na gane ba shinkafar ce ta kai ta ba.

Kusa da tashar jirgi akwai injin casar shinkafa na wani Malam Gambo. Shi ma kamfani ne, mutane sun sa hannun jari. An taɓa kawo wa Baffa maganarsa, ya ce mutumin da ke hawa keke kuma shekara uku bai raba ko kwabo ba, wa zai ba shi dukiya?

Mun same shi tsugune gindin inji, ƙaiƙayi har girarsa. Dada ba ta jin kunyar 'ya'yan wasu.

"Kai ne marowacin da ake faɗa?"

"Ni ne, Iya. Har labarin ya kai birni?"

"Ya kai. Ina ka kai kuɗin mutane?"

Ya goge hannu, ya ce mu biyo shi. Ya nuna mana sito mai daɓen siminti da rufin kwano, da wani akwatin katako da ba a buɗe ba, ya ce inji na biyu ne, kafin kaka za a kafa shi.

"In manoman fadama suka yanke shinkafa, Iya, a nan suke kwana uku suna jiran layi, wasu su gaji su wuce Kano. Abin da ke wucewar nan nake son in tare."

"Me ya hana ka sayen mota kamar sauran alhazai?"

"Na auna. Ga jirgi a ƙofata, ya fi araha. In na sayi mota, don a ga na saya ne, kuma kuɗin ba nawa ba ne."

"To yaushe masu kuɗin za su ɗanɗana?"

"Ranar da na duba na rasa abin da zan saya wanda zai kawo fiye da abin da ya ci. Ranar zan raba, ko ba su tambaya ba. Yanzu dai zagi suke ci gaba da yi, ni kuma ina ci gaba da casa."

Dada ta ce, "Allah ya shirye ka," amma na ga ta shafa jikin akwatin nan da tafin hannu, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. Ni ma na taɓa. Ban san ko zai ci riba ba. Kogi ma bana bai cika kamar da ba. Amma na san inda kuɗin mutane yake, na sa hannuna a kai.

A hanya ta ce za ta faɗa wa randa. Na ce to.

Laraba, 14 ga Agusta, da hantsi

Ta faɗa. Baffa ya ce, "Mai keken?" Shi ke nan.

Baffa ba ya karanta boko, amma yana karanta ajami. Na zauna na rubuta masa shafi na shida da ajamina na makarantar allo, layi bakwai. Na naɗe na ƙulle a bakin zanena. Gobe zan sa a ƙarƙashin butarsa.

Alhamis, 15 ga Agusta, da azahar

Na je har bakin butar. Yana ciki yana tari. Na dawo.

Juma'a, 16 ga Agusta, bayan la'asar

Alhaji Zarami ya zo da kansa bayan an sauko daga masallaci. Motarsa ba ta shiga lungunmu ba, aka bar ta bakin titi mutane suna zagaya ta. Baffa ya gayyato maƙwabta uku su ji da kunnensu. Aka ce in kai fura.

Na durƙusa a bakin zaure na ajiye ƙwarya. Ƙamshin turarensa ya cika wurin. Yana da fara'a, wannan ba zan hana shi ba. Yana cewa, "Malam Hamman, zamanin bin wutsiyar saniya ya wuce. Yanzu kana kwance dukiyarka na tafiya Ikko ta dawo." Sai ya hango ni.

"A'a, wannan ce malamar? An ce ke ce akawun gidan. Kin karanta takardarmu?"

Na ɗaga kai kaɗan, alamar e.

"To, Malama, gaban iyayenki, faɗi tsakani da Allah. Kin ga wani abin da bai yi miki ba?"

Ga Baffa a zaune. Ga baƙi. Takardar ajamin tana ƙulle a zanena, ina jin tudunta a cinyata. Na san jimlar da zan faɗa, gajera ce: motoci nawa suka rage? Na buɗe baki. Na ga ƙafar Baffa a kan tabarma, babban yatsansa yana motsi, kamar yadda yake yi in yana jin kunya a madadin wani.

Na kalli tabarma.

"Kun ji ko?" in ji Alhaji. "Boko ma ta yi shiru. Malam Hamman, ka iya tarbiyya. 'Yan makarantar yanzu da sai su cika mana kunne."

Aka yi dariya. Baffa ya ce, "Alhamdu lillahi." Yana alfahari da ni. Na ji a muryarsa.

Asabar, 17 ga Agusta, da safe

An yaba mini tarbiyya.

Talata, 20 ga Agusta, da azahar

Na yi wanki. Sai da na shanya zanen na tuna. Tawadar ta narke ta yi baƙin tabo a bakin zanen, takardar ta zama kamar tuwo. Na kankare ta da farce.

Dada ba ta yi mini magana tun Juma'a, sai "ɗauko" da "ajiye". Yau ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ni ɗana ne, bakina a ɗaure yake tun ranar da na haife shi. Ke an kai ki an koya miki buɗe baki, da kuɗin bijimai huɗu."

Ban san makaranta ta koya mini buɗe baki ba. Ta koya mini ɗaga hannu in jira a kira sunana.

Alhamis, 22 ga Agusta, da yamma

An tafi da shanun Inna.

Lahadi, 25 ga Agusta, da hantsi

Shu'ibu ya zo daga Kirikasamma a ƙafa, ruwa ya tare hanya ya ratso ta cikinsa, wandonsa jiƙe har gwiwa. Tsoho ne, tun Inna tana amarya yake riƙe da shanunta. Bai shiga wajen Baffa ba. Ya yi sallama da Dada, ya ajiye wani abu a gabana. Dangwali ne, igiyar maruƙa, da maɗauranta shida.

"Na uwarki ne, ita ta tufka," in ji shi. "Ba a sayar da shi ba, don ba wanda ya taya."

Na tambaye shi Wule, saniyar nan mai farin goshi, wadda Inna ta fi so.

"Ta ƙi hawa mota. Sai da aka fara jefa maraƙinta ciki." Ya sha ruwa. "Ciyawa ta fito bana, 'yar Inna. Har ƙirji. Da kin ga yadda suka murmure. Dillalin da kansa ya ce bai ga shanu masu kyau irinsu ba tun kafin fari."

Ya ce wannan don in ji daɗi ne, ina tsammani.

An kawo wa Baffa takardar hannun jari mai zanen zinariya a gefe. Sunana ne a jiki, an rubuta shi da kyau. Ya sa ta cikin gafakarsa.

Laraba, 28 ga Agusta, da azahar

Babu abin rubutawa. Na rataye dangwalin a bayan ƙofa. Yana warin ruga.

Litinin, 2 ga Satumba, bayan la'asar

Masunta sun taru a bakin rumfar kamfanin tun jiya da kwandunan banda. Mota ba ta zo ba. Wasu sun ce ta lalace a hanya. Wasu sun ce an tsare sauran a Kano. Wani ya ce Alhaji ya tafi neman magani, bai faɗi ciwon ba.

Baffa ya ce ƙaryar mahassada ce. Ya faɗa sau biyu, ba wanda ya tambaye shi.

Laraba, 4 ga Satumba, da safe

Kifin ya fara wari har lungunmu.

Alhamis, 5 ga Satumba, da yamma

Maƙwabtan nan uku sun zo. Da su da matar ɗayansu, Uwa mai ƙosai, wadda ta sayar da awakinta ta ba mijin ya sa a kamfanin. Ba zan rubuta abin da ta faɗa a ƙofar gidanmu ba. Ba zan rubuta abin da aka yi da rawanin Baffa ba. Abu ɗaya kawai zan rubuta, don nawa ne. Ta ɗaga murya yadda zai shigo har tsakar gida, ta ce, "Ai 'yarku mai boko tana wurin! Da akwai wani abu da ta faɗa!"

Dada ta fita da muciya a hannu. Ni ina ɗaki.

Ina ɗaki. Kullum ina ɗaki, ko bakin murhu, ko bakin ƙofa a durƙushe.

Asabar, 7 ga Satumba, da hantsi

Baffa ya tafi Kano jiya da gafakarsa, ya dawo a jirgin safe. Bai ci komai ba. Dada ta tambayi randa ko an ga mutumin. Ya ce ya ga benen. Ya ce yana da kyau ƙwarai, har da fanka a kowane ɗaki, da kwado a ƙofa.

An cire kalandar. Inda take ya fi sauran bangon haske.

Lahadi, 8 ga Satumba, da azahar

Gobe ake komawa makaranta. Ba wanda ya ambata. Akwatina yana ƙarƙashin gado, ban jawo shi ba. Babu bijimin bana, babu uwarsa.

Wata mata da ta dawo daga Malam Madori ta ce an kafa inji na biyu, ƙararsa har tasha. Dada ta ce mata ta sha ruwa ta tafi, kanta na ciwo.

Na buɗe farkon littafin nan, inda darasin yake. Rubutuna mai kyau ne. Na ja layi da jan biro a ƙarƙashin duk abin da ya kamata.

Litinin, 9 ga Satumba, bayan la'asar

Jirgin ya wuce da hantsi. Na ji kukansa ko ban ji ba, ban sani ba, tashar da nisa.

Ina tankaɗe a tsakar gida Baffa ya fito daga ɗakinsa da rahoton a hannu. Dada tana zaune a gindin randa, ta miƙa hannu za ta karɓa kamar kullum. Bai ba ta ba. Ya wuce ta. Ya zo ya tsaya a gabana, har inuwarsa ta rufe garin.

A Kano wani akawu ya karanta masa, ashe. Baffa ya buɗe daidai shafi na shida. Ya sa yatsa a kan ƙananan baƙaƙen da ba ya iya karantawa.

Ya ce, "Safara'u."

Shekara goma sha bakwai ina so in ji yadda zai fito a bakinsa. Ina yarinya har kwaikwaya nake yi a bayan ɗaki, da muryar maza. Ashe a hankali yake faɗinsa, yana jan ƙarshen, kamar yadda Inna take yi.

"Safara'u, kin ga wannan, ranar?"

Na ɗaga kai na dube shi. Idanunsa irin nawa ne. Ban sani ba sai yau.

Na ce, "Na gani, Baffa."

Ya jira ko akwai saura. Babu zana, babu baƙi, an kira sunana. Duk abin da na tanada tun shafi na shida yana nan a bakina, yanzu da ba shi da amfani ga kowa.

Ya ce, "To."

Ya naɗe takardar ya koma ɗaki. Dada ta juya ta fuskanci randa, ba ta ce mata komai ba.

Na gama tankaɗen.